Lome zuwa Kwatano a kan keke: muhawarar tafiyar kwana huɗu a bakin teku

Sada: Assalamu alaikum. Maganar da aka fara bayan hawan kekenmu na Asabar a nan Katsina ita ce na kawo nan don kowa ya sa baki. Mutum shida ne suka nuna suna so, kwanakin da ke hannu kuma ba su wuce goma ba har da zuwa da dawowa. Shawarar ita ce a hau keke a gaɓar tekun Jamhuriyar Benin da Togo, tsakanin Kwatano da Lome, kusan kilomita 150 zuwa 160. Abin da ba a daidaita ba: daga wane ɓangare za a fara, kwana nawa, wane wata, da wane irin keke. Manyanmu, a taimaka.

Alhaji Lawal: Wa alaikumus salam. Sada, ku fara daga Lome ku nufo gabas. Kada ku yi akasin haka. Iskar wannan gaɓar mafi yawan shekara daga kudu maso yamma take busowa, daga cikin teku, kuma tana ƙara ƙarfi da zarar hantsi ya ɗaga. Wanda ya taso daga Kwatano ya nufi Lome da ita zai yi ta kokawa har ya isa. Wanda ya taso daga Lome tura shi za ta riƙa yi ta baya da gefen dama. Ƙafar da ke ba ka kilomita 20 a awa da iska a baya, da ƙyar ta ba ka 13 in iskar na gabanka, ga kaya a kariya.

Sai ku sa kekunan a mota har Lome, ku hau su zuwa Kwatano. Wani amfanin kuma, kuna gamawa kun matso gida, tunda daga Kwatano zuwa iyakar Seme bai fi kilomita 35 ba.

Dikko: Alhaji, da hunturu fa? Ba iskar arewa ce ke kaɗawa ba lokacin?

Alhaji Lawal: Tana leƙawa, ƙanena, amma ba irin tamu ba. A Disamba da Janairu hazo na saukowa har bakin ruwa na 'yan kwanaki, safiya ta yi sanyi-sanyi. Da rana ta buɗe iskar teku ta karɓe. Shawarar tana nan yadda take.

Injiniya Mannir: Ga yadda hanyar ta kasu:

Rana ta 1, Lome zuwa Aneho, kilomita 45.
Rana ta 2, Aneho zuwa Grand-Popo, kusan 25, amma a ciki ne ake tsallaka iyaka a Hillacondji.
Rana ta 3, Grand-Popo zuwa Wida (Ouidah), a bi ta garin Kome, kusan 45.
Rana ta 4, Wida zuwa Kwatano ta hanyar masunta da ke bin bakin ruwa, 40 da ɗoriya.

Ranar farko tana da wuri guda mai haɗari: fitowa daga Lome sai an ratsa ta gaban tashar jiragen ruwa, inda tireloli ke shiga da fita. A wuce nan da sassafe, layi ɗaya, kowa da fitilarsa ta baya a kunne. Bayan Baguida da Avepozo hanya ta sake, sai Agbodrafo, sai Kpeme inda doguwar gadar lodin fosfat ta miƙe cikin teku. A Agbodrafo tafkin Togo na hagunku, teku na damanku.

Abin da mutane ke kuskure a taswira shi ne rana ta uku. Sai ka ga kamar za a bi bakin ruwa daga Grand-Popo kai tsaye zuwa Wida. Ba a bi. Kogin Mono ya yanke gaɓar a wurin da ake ce wa Bouche du Roy, babu gada a nan sai kwalekwale. Babban titi ciki yake shigewa, ya bi ta Kome, ya tsallaka a Guezin ta ƙasan tafkin Aheme, sannan ya faɗo Wida. Wannan ranar teku ba za ku gan shi ba sai kun isa.

Kabiru Daura: Injiniya, da girmamawa, wannan lissafin bai yi sanyi da yawa ba? Katsina zuwa Daura kilomita 80 ne, kuma cikin mu babu wanda ba ya yin sa a wuni ɗaya. Kilomita 155 kwana biyu ne, in an ji tausayi uku. Kwana huɗu ɓarnar kuɗin masauki ne.

Hajiya Binta: Malam Kabiru, kada ka auna can da ma'aunin nan. Zafin Katsina busasshe ne. Da hunturu laimar iska a nan ba ta kai kashi 20 cikin ɗari ba, gumi na fitowa yana bushewa, bushewar ce ke sanyaya jiki. A bakin teku ma'aunin zafi 31 zuwa 33 kawai zai nuna, ka ce ai ba komai, amma laima tana kai kashi 80. Gumin ba ya bushewa, zuba kawai yake. Jiki na asarar ruwa da gishiri ba tare da ya huce ba. Mutumin da ya saba da namu yanayin shi ne ya fi saurin faɗuwa, domin lambar da yake gani ba ta ba shi tsoro. Jiki na buƙatar kwanaki kafin ya saba da irin wannan zafin, ku kuma kwana biyu a mota za ku yi ku sauka ku hau.

Alamomin da za ku lura da su a junanku: ciwon kai, tsigar jiki na tashi alhali ana zafi, tashin zuciya, jijiyar ƙafa na ɗaurewa, fitsari ya yi ja ko ya ɗauke. Wanda ya fara magana ba kan gado ko yana tangaɗi, an wuce wasa. A kai shi inuwa, a cire mashi riga, a jiƙa shi sharkaf da ruwa ana fifita, a nemi mota zuwa asibiti. Ba a jira a ga ko zai warware.

Kabiru Daura: Na ji, Hajiya. To a haɗe rana ta 1 da ta 2, kilomita 70, a sami kwana uku.

Alhaji Lawal: Matsalar haɗewar ita ce iyaka. In kun taso Lome ƙarfe 6, za ku isa Hillacondji wajen 10, lokacin da motocin Legas da na Akara suka cika wurin. Mutum shida, fasfo shida, katin allura shida, kekuna shida. Awa ɗaya zuwa biyu ta tafi, kuna tsaye cikin rana. Kuna tsallakawa kuma agogo ya ƙara awa ɗaya, don Togo tana bayan Benin da Najeriya da awa guda. Sai ku ga kun shiga ragowar kilomita 20 da tsakar rana tsaka. In kuwa kun kwana Aneho, iyakar na nan kusa da bakin gari, ku ne na farko a layi.

Kabiru Daura: Har yanzu ina ganin ƙarfafa za su iya. Amma in akwai wanda zai wahala a cikinmu, a bar shi huɗu.

Injiniya Mannir: Tunda an taɓo agogo: a Janairu rana na fitowa a Lome wajen 6:10 na agogonsu, a Kwatano kuma wajen 7:00. Faɗuwarta a Lome wajen 6 na yamma. Duhu kuma ba ya jan ƙafa. Ƙa'idar kowace rana: a ɗaure kaya tun dare, a yi asuba, a hau da zarar ana ganin hanya, a sauka kafin 11. Awa huɗu ta ishe kilomita 45 har da tsayawa.

Sada: Wata fa?

Alhaji Lawal: Damina biyu gare su. Babbar daga Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinku. Maris zafi ya yi yawa. Agusta ruwa na ɗagawa, gari ya yi sanyi, sai dai iska ta fi ƙarfi kuma teku na hauka. Ku guji mako na biyu na Janairu, lokacin bikin addinin gargajiya na Vodun ne a ƙasar Benin, cibiyarsa kuma Wida. Masauki ƙarewa yake, farashi ya tashi, hanyar bakin ruwa ta cushe. A duba kalanda kuma kada tafiyar ta shiga azumi.

Baba Rabe mai keke: Yara, ku bari in faɗi nawa a kan keken kansa, don na ga kowa idonsa na kan mai giya 21. Wannan hanya shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, in ban da 'yar gangara da hawa tsakanin Kome da Wida. Me za ku yi da giya 21? Keken da ba shi da giya, irin Fonis ko tsohon Rali, ba shi da abin lalacewa. Sarƙarsa kauri gare ta, a rufe take cikin kwanonta, yashi ba ya samunta. Kariyarsa ta ɗauki buhu balle jaka. In wani abu ya karye, duk ƙauyen da kuka tsaya akwai mai gyaran da ya san shi.

Injiniya Mannir: Baba, Allah shi ƙara girma, a kan sauƙin gyara babu mai ja da kai. Abu biyu ne ke hana ni. Na farko rim ɗinsa ƙarfe ne mai sheƙi, in ya jiƙe robar birki ba ta kama shi sai wili ya juya sau da yawa, kuma safiyar can raɓa ce da laima kullum. Cikin Kwatano, tsakanin 'yan acaɓa, birkin da ke jinkiri ba abin wasa ba ne. Na biyu nauyi: shi kaɗai ya haura kilo 20, tayarsa kuma siririya ce ga yashi.

Baba Rabe mai keke: Na yarda da maganar birki. To ga tsakiya. Keken dutse mai taya inci 26, rim na alminiyom, giya 7 ko 8 a baya, birkin roba mai waya. Kada wanda ya zo da birkin mai, in ya zubar a Grand-Popo babu mai taɓa maka shi. Inci 26 nake nacewa a kai saboda tif da tayarsa suna kowace kasuwa. Masu siririn keken tsere mai taya 700 su san cewa abin da suka ɗauko daga gida shi ke gare su. Bawul kuma ya zama mai kauri irin na mota, don kowane mai faci a bakin titi ya iya ba ku iska.

Taya: faɗin 1.75 zuwa 1.95, mai ɗan santsi a tsakiya. Mai manyan ƙuraje tana cin ƙarfi a kwalta a banza. Iska, a ma'aunin PSI na famfo, 45 zuwa 50 a baya, 40 a gaba. In za a shiga yashi a rage zuwa 25 ko 30, a fito a mayar. Wanda ya manta bai mayar ba ya daki bakin rami, rim zai cije tif ya yi huda biyu gefe da gefe.

Dikko: Baba, mai fa? Baƙin mai muke zubawa a nan.

Baba Rabe mai keke: Can ba a yi. Nan ne zan daɗe, don wannan ne ke kashe keke a bakin teku. A Katsina ƙura ce abokiyar gabarmu, busasshiya, ka kaɗe ta fita. Can iskar da kanta gishiri ke cikinta, ko ruwa bai taɓa keken ba. Sarƙar da aka bari a bushe da yamma, da safe za ka tarar ta yi ja. In kuma ka lafta mata baƙin mai, yashi ya manne, ya zama kamar garin wasa wuƙa, yana cin sarƙa yana cin haƙoran firiwil.

Aikin kowane dare minti goma ne. A sami ruwan daɗi rabin bokiti, a zuba a hankali a kan sarƙa da rim da birki, ba da ƙarfin famfo ba don kada ya tura yashi cikin boris. A goge da tsumma har ta bushe. A ɗiga man sarƙa ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda baya sau ashirin, sannan a sake gogewa har sai tsumma ya daina ɗaukar mai. Man da ke aiki yana ciki, na waje yashi kawai yake kira. In ba a sami man sarƙa ba, man keken ɗinki ya yi, sai dai kullum ne za a sa, ba ya jimawa.

Kafin a bar gida kuma: a zare sandar sirdi a shafa mata giris, haka zaren feda, haka kan kowane noti. A buɗe boris na wili biyu a cika sabon giris. Wayar birki da ta giya in ta fara tsatsa a canza tun nan. A auna sarƙa da rula: gaɓa 12 cikakku inci 12 ne daidai, in ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci ta miƙe, a sa sabuwa, a hau ta mako biyu kafin tafiya don a ga ko tana tsalle a kan tsohon firiwil.

Abu na ƙarshe, ina roƙon ku: kada wanda ya hau keke a jiƙaƙƙen yashin da igiyar ruwa ke lasa don ɗaukar hoto. Ruwan gishiri in ya shiga boris da cikin bututun firam, bayan wata biyu za ku kawo mani shi yana ƙara, kuma ba duka ake cetowa ba.

Injiniya Mannir: Ƙari a kan faci. Nan ƙaya ce ke huda mu, tsidau da aduwa. Can kwalba ce da siririyar wayar da ke fita daga fasasshiyar tayar tirela. Wayar ba ta ganuwa, tana maƙale cikin taya, ka sa sabon tif ta sake huda shi bayan kilomita biyu. A bi cikin tayar da auduga, inda ta kama nan wayar take, a cire da hantsaki. Sholisho kuma cikin laima ba ya saurin bushewa, hannu ga gumi. A kankare wurin, a shafa siriri, a jira minti biyar cur har ya daina sheƙi kafin a ɗora faci. Shi ya sa a hanya tif ake canzawa, facin a bari sai masauki. Kowa tif biyu. Na tarayya kuma: famfo biyu, taya ɗaya ta ajiya, alanki 4, 5 da 6, sifana 15, filaya, abin yanke sarƙa da mahaɗinta daidai da yawan giyarku, wayar birki biyu, wayoyin wili huɗu.

Sada: Yadda za a kai su Lome lafiya fa? Tafiyar mota ta fi kilomita dubu kafin Legas ma.

Injiniya Mannir: Yawancin ɓarnar a but ɗin mota take faruwa, ba a hanya ba. A karɓi kwalin keke wurin masu sayarwa. A cire feda, a tuna ta hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta inda ake ɗaure sauran. A cire wilin gaba, a sa guntun katako tsakanin ƙafafun fok a ɗaure, in ba haka ba buhu ɗaya ya hau kai ya matse su. Macanjin giyar baya a kwance shi daga jikin firam, a naɗe da tsumma a ɗaure shi ciki. Shi ne ya fi fitowa waje, ɗan ƙarfen da ke riƙe shi kuma laushi gare shi, in ya lanƙwashe giya ba ta sake zama, wani lokacin ma ta shige cikin wayoyin wili. A sasanta kuɗin kaya da mai lodi kafin a biya na kujera.

Dikko: Me zai hana a bi ta Jibiya, Maraɗi, Dosso, Gaya, a gangara ta Parakou? Ba sai an shiga Legas ba.

Alhaji Lawal: A da hanya ce. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 an rufe gadar Gaya da Malanville, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Ba a gina tafiyar kwana goma a kan wannan. Ku bi Legas, daga Mile 2 akwai motocin Seme da Kwatano. A Kwatano ku kwana Zongo, Hausa za ku yi ta ji kamar kuna gida, nan ne kuma za ku canji sefa. Kuɗin ɗaya ne a ƙasashen biyu. Ku nemi ƙanana, 500 da 1,000 da 2,000 da sulalla, don mai kwakwa a bakin hanya ba ta da canjin 10,000. Motocin Lome suna tashi daga Jonquet, kusa da Zongon.

Takardu: fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, ba a buƙatar biza har kwana 90. Ku tabbata an buga maku hatimi a kowace shiga da fita. Takwas ne gaba ɗaya, huɗu a Seme, huɗu a Hillacondji, sai a duba akwai shafuka. Wanda ya bi ta bayan shinge don gudun layi, a shingen gaba zai biya ninki. Ku riƙe rasiɗin keke, ku rubuta lambar firam da ke ƙarƙashin feda, don kada a ɗauka na sayarwa kuka shigo da su. Ba a ɗaukar hoto a iyaka ko a tashar jiragen ruwa.

Hajiya Binta: Katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, shi ma dole ne. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka kada a bari sai ana gobe tafiya. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, wanda ke da katinsa ya nemo shi kawai.

Ruwa: rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa ta hawa, kurɓi-kurɓi, ba sai an ji ƙishi ba. Gora biyu a keke, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri da sukari. Ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya. In ya ƙare, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri a lita. Ruwan kwakwa na nan ko'ina, ku sha. Ruwa zalla da yawa ba gishiri shi ma yana kayar da mutum.

Sai abin da maza ba sa son faɗa: gogewar cinya da mazaunai. Cikin laima kwana biyu ya isa fata ta saluɓe. Wando mai soso biyu kowa, a sa ɗaya a wanke ɗaya, ba a sa wani a ƙarƙashinsa, a shafa basilin kafin a hau, a cire shi da zarar an sauka. In ana son sutura a ɗora wando mai sauƙi a sama. Kayan auduga ba sa bushewa a can ko an shanya kwana guda. Sauro kuma duk shekara ne saboda tafkuna, gidan sauro da man shafawa su shiga jaka. Zazzaɓi a hanya ko bayan an dawo, a yi gwaji a ranar.

Malam Bishir: Allah shi saka wa kowa. Ɓangaren ibada kaɗan ne amma a sani. Kasaru ta hau kanku tun da kuka bar gidajen Katsina, domin tafiyar ta ninka mil 48 sau da yawa, ba a lissafa ta da hawan kowace rana. Ba ta yankewa sai kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya. In kun bi limamin gari sai ku cika tare da shi. Ruwan teku ana alwala da shi, hadisi ya tabbata cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Alƙibla kuwa, ka sa teku a damanka kana kallon gabas, sannan ka karkata hagu sosai, ta fi tamu ta nan karkata zuwa arewa. A duba da na'urar waya a tabbatar.

Abinci a lura. Ana sayar da naman alade a kudancin Benin a fili, akwai kuma barasar da suke kira sodabi, fara tas kamar ruwa, a cikin gorar ruwa ake zuba ta. Kifi ya wadatar, ga shinkafa da wake da ake ce wa atassi a Benin, ayimolou a Togo, ga burodi. Nama a saya wurin mahautanmu, suna kowane gari.

In kun isa Wida, ina so ku ba ta yammacinku gaba ɗaya. Daga cikin gari zuwa bakin ruwa kilomita 4 ne, hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa jirage, a ƙarshenta aka gina ƙofar tunawa a 1995. Akwai ganuwar Turawan Fotugal ta 1721, wadda ba su bari ba sai 1961. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓar akwai Hausawa da yawa da aka kai Bahia a Brazil, kuma suna cikin Musulmin da suka yi tawaye a birnin Salvador a 1835, cikin watan azumi. Ku sauka daga keke ku taka wannan hanyar da ƙafa, ku yi masu addu'a. Wuraren bautar mutanen garin kuma, a wuce da ladabi, ba a ɗaga waya sai an nemi izini.

Dikko: Malam, guzuri daga gida: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli?

Hajiya Binta: Dabino da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, a cikin roba mai murfi. Kilishi laima na sa shi ya yi laushi ya fara fumfuna, a cinye shi tun a mota.

Alhaji Lawal: Magana ɗaya da ba na so ta ɓace cikin sauran. Kada kowa ya shiga tekun nan wanka. Iya iyo a dam ɗin Ajiwa ko Sabke ba ya aiki a nan. Gaɓar tana da gangara, igiyar tana faɗowa da nauyi, kuma akwai ruwan da ke komawa ciki ta ƙasa ya ja ƙafar mutum. Masuntan da aka haifa a wurin ma suna jin tsoronsa. Alwalar da Malam ya ambata, a ɗebo da gora daga inda ruwa bai wuce idon sawu ba, fuska na kallon teku. A Grand-Popo in ana son ruwa, a ɗauki kwalekwale a kogin Mono zuwa bakin da yake haɗuwa da teku, rana ta biyu gajera ce, akwai lokaci.

Sada: Saura rana ta huɗu. Me ya sa ba za a bi babban titi ta Pahou ba?

Injiniya Mannir: Saboda zai jefa ku mahaɗar Godomey, inda duk motocin arewa da na yamma ke haɗuwa su shiga Kwatano. Hanyar masunta ta bi bakin ruwa ne, ta Avlekete da Togbin, cikin itatuwan kwakwa da ƙauyukan masu jan koma, ta shigar da ku ta Fidjrosse kusa da filin jirgin sama. Ita ce mafi kyawun rana a tafiyar duka. Ɓangaren da ke kusa da Kwatano kwalta ce mai faɗi. Ta wajen Wida, daren da kuka sauka ku tambayi 'yan acaɓa, zem suke ce masu, ta ina ake shiga a yanzu, su ne ke bin ta kullum. Inda kuka tarar da yashi mai zurfi: giya mai laushi, nauyi a baya, kada a danne kan keke, kada a taɓa birkin gaba. In wilin gaba ya nutse a sauka a tura. A ƙara awa ɗaya a lissafin ranar, a cika goruna tun Wida.

Cikin Kwatano kuma hannun dama ake bi kamar nan, kada a tsaya kwatsam don zem na manne da bayanku.

Kabiru Daura: To kafin nan sai a gwada jiki da kaya. Ina ba da shawarar Katsina zuwa Mashi a kwana, washegari a ƙarasa Daura, jibi a juyo. Kwana uku a jere, kowa da kilo 10 zuwa 12 a kariya, ba jakar goyo ba, don ita ce ke hana baya shan iska. Masaukin Daura a bar mani.

Baba Rabe mai keke: Ku kawo kekunan shida shago mako uku kafin gwajin, ba kafin tafiyar ba. Wanda kariyarsa ta alminiyom ce mai maƙalewa a sandar sirdi kawai ya zo da kuɗin wata, mai ƙafafu har gindin wili za a sa mashi.

Sada: An gama, Baba. Masu zuwa su turo mani girman tayarsu da yawan giyar baya yau, don a san mahaɗin sarƙa da tif nawa za a saya. Wanda ba shi da katin allura ya je wannan makon.